SHIN ALHERI MA SAI DA DOKA?

Yau wata 'yar tambaya na zo mana da ita, wadda da jin ta za ki ce ai mai sauƙi ce, amma in kika tsaya kika juya ta sai ki tarar tana da ƙulli. Tambayar kuwa ita ce, mutumin da ya taso da zuciya ɗaya zai taimaki mabuƙaci, ba biyan sa za a yi ba, ba kuma roƙon sa aka yi ba, shin daidai ne a tare shi a bakin ƙofa a ce ba zai shiga ba sai ya cika wasu sharuɗɗa? Balle ma a ce mai niyyar nan yarinya ce 'yar shekara 15 ko 16, wadda yanzu tausayi ya fara tsiro a zuciyarta. Ba a gudun a kashe mata gwiwa tun ba ta fara ba?

Abin da ya jawo wannan magana wata al'ada ce ta ƙasar Amurka, don haka bari mu fara leƙawa can mu ga yadda abin yake, kafin mu ce wane ne mai gaskiya.

MARASA GIDA A ƘASAR MASU KUƊI

Mu nan da an ambaci Amurka ba abin da ke zuwa mana a rai sai dogayen benaye da manyan motoci. To amma a gindin benayen nan akwai mutanen da ba su da inda za su sa haƙarƙarinsu in dare ya yi. Ma'aikatar gidaje ta ƙasar takan sa a ƙidaya su a dare ɗaya cikin watan Janairu, lokacin da sanyi ya fi tsanani. A ƙidayar 2024 an samu mutum 771,480, cikinsu kuwa kusan 150,000 yara ne da ba su kai shekara 18 ba. Kada ki ɗauka duk mashaya ne ko masu taɓin hankali, ko da yake akwai su a ciki. Akwai wanda kuɗin haya ya fi ƙarfinsa mai gida ya fitar masa da kaya, akwai wanda ciwo ya kwantar da shi kuɗin asibiti ya cinye ɗan abin hannunsa, akwai tsohon soja, akwai kuma matar da ta gudo da 'ya'yanta da tsakar dare saboda dukan miji. Wasu ma suna da aikin yi, da safe su tafi aiki, da dare su rasa makwanci.

Saboda irin waɗannan bayin Allah ne aka buɗe gidaje na musamman, mu kira su masaukin marasa gida. Mutum zai je ya samu gado da bargo da wurin wanka da abinci mai zafi. Wasu na hukumar gari ne, wasu na coci-coci ne, wasu kuma na ƙungiyoyin jin ƙai. A birnin New York har ƙara aka shigar a 1979, wadda ta sa a 1981 hukuma ta amince cewa wajibi ne ta samar wa mazan da ba su da gida wurin kwana, daga baya aka haɗa da mata da masu iyali.

Mu mata kuwa akwai labarin da ya kamata mu sani. A birnin Boston wata mata mai suna Kip Tiernan ta lura wasu mata suna sa kayan maza, suna ɓad da kama, don kawai su shiga layin abinci, saboda masaukan da ake da su a lokacin na maza ne. Abin ya tsaya mata a rai, a 1974 ta buɗe Rosie's Place, masauki na farko na mata zalla a duk ƙasar. A gidan nan matan da suke zuwa sunansu baƙi. Ki riƙe wannan kalma ta baƙi, don za mu dawo kanta.

ME YA KAI YARA CAN?

Irin waɗannan gidaje ba sa iya biyan duk hannayen da suke buƙata, sai sun dogara da masu aikin sa kai, wato masu zuwa su yi girki, su zuba abinci, su ninke tufafi, su yi shara, kyauta. Cikin masu zuwan nan kuwa akwai ɗimbin 'yan makarantar sakandare. Wasu tausayi ne zalla yake kai su, wasu daga coci ko masallaci ake haɗa su a tafi, wasu kuma makaranta ce ta ɗora musu. Jihar Maryland ita ta fara, a 1992 ta kafa ƙa'idar cewa ɗalibi ba zai karɓi takardar gama sakandare ba sai ya yi aikin taimakon jama'a na awa 75. Bayan haka jami'o'i ma sukan duba irin wannan aiki in za su ɗauki ɗalibi.

To yarinya ta shirya da murnarta, ta buga waya masauki ta ce tana so ta zo ta taimaka. Maimakon a ce mata maraba lale, sai a fara jero mata dokoki. Kowane gida da nasa, amma ga waɗanda aka fi cin karo da su.

Na farko shekaru. Gidaje da yawa ba sa barin wanda bai kai 18 ba ya yi aiki a ɗakin kwanan baƙi, wasu sukan bar ɗan 16 ya shiga kicin, wanda bai kai haka ba sai dai ya zo da uwa ko uba ko wani babba. Na biyu sai iyaye sun sa hannu a takarda cewa da yardarsu. Na uku ba za ki ba baƙo kuɗi ko kyauta daga hannunki zuwa nasa ba, ba kuma za ki rage masa hanya a mota ba. Na huɗu ba bayar da lambar waya, ba kwatancen gida, ba ƙulla abota a Facebook ko Instagram. Na biyar ba ɗaukar hoto, ba kuma fita waje a ce na ga wance a can. Na shida ba keɓewa da baƙo a inda ido ba ya gani. Sannan ga suturar mutunci, ga takalmi mai rufe ƙafa, ga safar hannu da rufe gashi in za a taɓa abinci, ga kuma zaman bita kafin a fara. In kin ɗauki ranar zuwa kuwa, to dole ki zo, ko ki sanar da wuri.

KUKAN YARINYA

Kada mu yi saurin cewa yarinyar da ta ji haushi ba ta da hujja. Tana da ita. Za ta ce, "Haba! Ni da na zo don Allah, sai a riƙa yi mini kallon ɓarauniya? In na ga tsohuwa tana rawar ɗari, ga dala 5 a jakata, wace irin doka ce za ta hana ni in miƙa mata? In na ga yarinya sa'ata ba ta da mai lallashin ta, laifi ne in ba ta lambata? Ashe so ake in zuba mata miya kamar inji, in juya in tafi?"

Wallahi maganar nan tana da nauyi. Duk wadda ta taɓa jin tausayi ya kama ta ta san ba ya son jira, yanzu-yanzu yake so a yi. Kuma gaskiya ne akwai taimakon da in aka cika masa takardu da layi da tambari sai ya huce kamar tuwon jiya, mai karɓa ya ci don dole amma bai ji daɗinsa ba. Shi ya sa ba zan ce wa yarinyar nan ta yi shiru don manya sun fi ta sani ba. A'a, gara mu ɗauki dokokin ɗaya bayan ɗaya mu tambaya, wai shin wa aka yi su don a kare?

WA DOKAR TAKE KAREWA?

Mu fara da maganar kuɗi. A ce ɗakin cin abinci yana ɗauke da mata 80, yarinya ta zagaya ta danƙa wa ɗaya dala 5. Tana jin ba wanda ya gani, alhali a irin wannan wuri ba abin da ke ɓoyuwa. Sauran 79 ɗin fa? Me suka yi aka tsallake su? Mu matan aure ai ba sai an yi mana dogon bayani ba, ko a gidan mai mata biyu in aka shigo da turmin atamfa ɗaya aka ba ɗaya aka hana ɗaya, kowa ta san abin da zai biyo baya. Zaman lafiyar masauki a kan abu ɗaya ya tsaya, wato kowa ya tabbata ludayin da aka zuba wa wance da shi za a zuba masa. Ita yarinya ta tafi gida ta yi barcinta, wadda aka ba kuɗin ita za ta kwana cikin harara, wataƙila ma a sace su kafin asuba. Sannan mako mai zuwa tsohuwar za ta zauna tana duban ƙofa, in yarinya ta zo hannu rabbana sai kunya ta kama su duka biyun. Ga kuma wanda yake fama ya rabu da ƙwaya, ya yi wata 2 bai sha ba, kuɗin hannu a daren nan su za su mai da shi ruwa. Ma'aikatan gidan sun san wane ne wane, yarinyar da ta zo yau ba ta sani ba. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai lambar waya. A ce ta ba wani saurayi ɗan shekara 19 lambarta don ta ga yana cikin damuwa. Ƙarfe 2 na dare waya ta yi ƙara, ya ce mata shi fa ya gaji da duniya, in ba ta zo ba zai halaka kansa. Ki gaya mini, me 'yar shekara 15 za ta yi da wannan kaya? In ta fita ta shiga haɗari, in ta ƙi fita wani abu ya faru ta ɗauki nauyin a zuciyarta har tsufanta. Ma'aikacin masauki an koya masa abin da zai faɗa da wanda zai kira, kuma in lokacinsa ya cika wani zai canje shi ya je ya huta. Ita kuwa ba mai canjin ta. Shi kansa saurayin an cuce shi, don an nuna masa igiyar da ba za ta iya ɗaukar nauyinsa ba.

Maganar hoto kuwa ita ta fi ko wace girma a wurina. Matar da ta gudo daga mijin da ya yi rantsuwa sai ya ga bayanta, tana zaune a gefe tana ba ɗanta abinci, yarinya ta ɗaga waya ta ɗauki kanta tana murmushi, ta sa a intanet ta rubuta cewa yau mun ciyar da bayin Allah. Fuskar matar ta fito a bayanta. Shi ke nan, hoton da aka ɗauka cikin wasa ya zama kwatance ga mai neman ta. Ai shi ya sa gidajen da ke ɓoye matan da ake duka ba sa ma bayyana unguwar da suke.

Ko da babu mai farautar kowa, akwai kunya. Makarantun gwamnatin Amurka sun sha ƙidaya ɗalibai fiye da miliyan 1 a shekara waɗanda ba su da tsayayyen wurin kwana. Ma'ana, yarinyar da ta je zuba abinci tana iya ɗaga kai ta ga 'yar ajinsu riƙe da faranti. Wannan 'yar ajin ta yi wata da watanni tana ɓoye halin da suke ciki, kullum tana wanke rigarta ɗaya da dare don kada a gane. In mai zuba abinci ta koma makaranta ta raɗa wa ƙawarta ɗaya tak, to kafin a tashi labari ya gama aji. Wace miya ce za ta biya wannan tonon asiri? Hausawa suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Yanzu mu dawo kan kalmar nan ta baƙi. Ki duba bambancin da ke tsakanin mutum biyun nan. Yarinya ita ta zaɓi ta zo, in ta ga dama gobe ba za ta dawo ba, kuma gadonta yana jiran ta. Matar da ke layi kuwa ba ta zaɓi a gan ta a haka ba, ba ta da ɗakin da za ta shiga ta ja labule, ba ta kuma da bakin da za ta ce wa mai ba ta abinci kada ki tambaye ni ina mijina, kada ki ɗauke ni hoto. Wanda ke riƙe da ludayi shi ke da ƙarfi ko da yaro ne. To dokar masauki ita take faɗa wa mai ludayi abin da mai faranti take jin nauyin faɗa. Labulen da ba ta da shi, dokar ce ta zame mata shi. Kuma kowa ta san baƙo ba a titsiye shi da tambaya, ba a nuna shi ga maƙwabta, ba a kuma yi masa gorin abin da ya ci.

FUSKA BA TA NUNA ZUCIYA

Saura dokar hana keɓewa, wadda ita ce ta fi ɓata wa masu zuciyar kirki rai, don suna ganin zargi ne. A nan ma akwai labarin da ya isa darasi. A 1972 wani limamin Kirista mai suna Bruce Ritter ya kafa Covenant House a New York don yaran da ke kwana a titi. Gidan ya bunƙasa, kuɗi suka riƙa shigowa, har shugaba Ronald Reagan ya yabe shi a jawabinsa na 1984. Amma a 1990 sai ga shi ya sauka daga shugabanci, bayan wasu samari sun zarge shi da yin lalata da su. Shi dai ya musanta, ba a kuma gurfanar da shi a kotu ba, amma binciken da hukumar gidan ta sa aka yi ya ce akwai hujjoji a kansa. Gidan bai mutu ba, wasu suka karɓa suka ci gaba, sai dai kowa ya koyi cewa suna da yabo ba sa maye gurbin sa ido.

A 1993 da 1998 majalisar ƙasar ta yi dokokin da suka ba ƙungiyoyi damar a bincika musu ko mai son aiki da yara yana da tarihin laifi. Dalili kuwa a fili yake. Mai niyyar alheri da mai mugun nufi in suka tsaya a bakin ƙofa, murmushinsu iri ɗaya ne, maganarsu iri ɗaya ce, kowa cewa yake don Allah ya zo. Mai gadi ba ya ganin zuciya. Abin da zai iya shi ne ya kafa ƙa'idar da mutumin kirki ba ta rage shi da komai, mugu kuwa ta ɗaure masa hannu. Yarinyar kirki me ta rasa don an ce ta bar ƙofa a buɗe? Ba komai. Kuma ita ma ƙa'idar tana kare ta, daga babban da ke aiki tare da ita, daga baƙon da hankalinsa ya gushe, har daga ƙazafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hatta dokar cika alkawari tana da tushe. A ƙarshen watan Nuwamba, lokacin bikinsu na godiya, da kuma lokacin Kirsimeti, masu son zuba abinci sukan yi yawa har a riƙa mai da wasu. Da an shiga Fabrairu kuwa sai a nemi mutane a rasa, alhali yunwa ba ta san ranar biki ba. Mai kicin da ya dogara da hannu 6 ya wayi gari da 2, baƙi ne za su yi ta tsayuwa a layi.

Wani abin kuma da yarinya ba ta cika lura da shi ba, ita dokar awa 2 ko 3 take bi ta koma gida. Baƙin kuwa a ƙarƙashin dokoki suke kwana. A gidaje da yawa akwai lokacin rufe ƙofa, akwai binciken jaka, ba giya ba makami, wasu da gari ya waye sai kowa ya fita sai yamma, wasu a raba miji da mata, wasu a ce ba a shiga da kare ko kaya masu yawa. Dattijo mai shekara 60 ana gaya masa lokacin da zai kwanta. Har akwai masu gwammace su kwana a titi saboda tsananin nan. In har wani zai yi kukan doka a gidan, to ba mai ludayi ce ta fi cancanta ba.

INDA DOKA TAKE ZARCEWA

Duk da haka ba zan ce kowace doka daidai take ba. Akwai wadda ba baƙo take karewa ba, ba kuma yaro ba, sai dai aljihun gidan da hutun ma'aikata. Sau da yawa cewar sai ɗan 18 daga kamfanin inshora take fitowa da tsoron kada a kai ƙara. Tsoron ba na banza ba ne, don ƙara ɗaya tana iya rufe ƙaramin masauki. Amma gidan da zai ce wa yarinya ba kya isa ba, ya ajiye waya, bai nuna mata wata ƙofa ba, lalle ya yi asara, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wadda aka kora tana 15 ba lalle ta dawo tana 25 ba.

Gidaje masu hankali sukan ce, ɗakin kwana dai ba yanzu ba, amma zo ki ware tufafin da aka kawo, zo ki ƙulla abincin da za a raba, je ki tara mana safa da sabulu da audugar mata a makarantarku, zo ki yi wa yara karatu a gaban malama, ko ki zo da mahaifiyarki ranar Asabar ku yi girki tare. Safa ma da kike rainawa tana cikin abubuwan da aka fi nema, don mai yini yana yawo cikin sanyi da ruwa ƙafarsa ce take fara lalacewa. Aikin bayan fage ba mai tafa miki, ba kuma hoton da za ki nuna, to a nan ne mutum yake gane ko don wa ya zo.

Ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne a tambayi kowace doka wa take karewa. In baƙo ne ko yaro, a riƙe ta ko da ta yi ɗaci. In kuwa ba kowa sai son jikin masu gida, to a yi magana, a je wurin shugaba cikin ladabi a nemi a gyara. Abin da bai dace ba shi ne yarinya ta yanke wa kanta hukunci a ɓoye, ta ce ai wannan dokar ba da ni take ba tun da niyyata mai kyau ce. Duk wanda ya taɓa yin ɓarna a irin wurin nan da wannan kalma ya fara.

MU FA A NAN GIDA?

Mu ba mu da irin masaukan nan yadda suke a can, amma muna da gidajen marayu, muna da sansanonin 'yan gudun hijira, muna da almajirai a ƙofar gida, ga kuma rabon abinci da azumi wanda samari da 'yan mata suke ta kafa ƙungiyoyi a kansa, abin sha'awa. Sai dai sau nawa kika buɗe waya kika ga an tsayar da matar da mijinta ya rasu, an ɗora mata ƙullin shinkafa a hannu, an ce ta kalli kyamara? Ki dubi idonta da kyau in kin sake ganin irin hoton. Kuma kada mu ce haɗarin keɓewa na Turawa ne. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton mata da 'yan mata 43 a sansanonin Maiduguri waɗanda aka yi wa fyaɗe ko aka yaudare su, kuma cikin waɗanda aka zarga har da masu tsaro da jami'an da aka ɗora wa kula da su.

Abin mamaki, dokokin nan da Amurkawa suka rubuta a takarda, iyayenmu sun daɗe da su ba tare da biro ba. In za a kai tuwo gidan da aka san babu, sai bayan magariba, a rufe kwano da faifai, a ce wa yarinya ki yi sallama, ki gaishe ta da kyau, ki ajiye, kada ki zauna kina kalle-kalle, kada kuma in ji kin faɗa wa kowa. Wani lokaci ma sai a ce ki ce mata ta ɗanɗana mana ko gishiri ya ji, don kada ta ji kamar sadaka aka kawo mata. Wannan shi muke kira rufin asiri, kuma ba mu taɓa jin an ce ya rage wa alheri daraja ba.

Saboda haka uwa, in 'yarki ta ce za ta bi ƙawayenta aikin taimako, kada ki hana ta, kada kuma ki sake ta sakaka. Ki tambaya wane babba ne zai kula da su, ƙarfe nawa za a dawo, an hana ɗaukar hoto ko ba a hana ba, ana barin yarinya ta keɓe da wani ko ba a bari. In aka jero miki sharuɗɗa har kika gaji da ji, to ki kwantar da hankalinki. Inda za ki ji tsoro shi ne wurin da aka ce miki ai mu nan ba ruwanmu da wata doka, duk 'yan uwan juna ne.

Ke kuma 'yata ko ƙanwata, tausayin nan da kike ji abu ne mai tsada, kada ki bari wani ya raina miki shi. Amma in an ce ki ajiye waya, ki ajiye. In an ce kuɗinki ki sa a asusun gida, ki sa. Ba a hana ki sakin fuska ba, ba a hana ki gaisuwa da girmamawa ba, ba a hana ki riƙe sunan tsohuwa ki kira ta da shi mako mai zuwa ba, kuma sau da yawa wannan ya fi dala 5 daɗewa a zuciyar wadda ta yini mutane suna kau da kai daga gare ta. Ki tuna duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. In da ke ce a layin nan riƙe da faranti, yaya za ki so mai ludayi ta yi da ke?

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba mu ikon rufa na wasu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Wassalam.